Taka Birki Ko Ƙara Kwantar Da Babur: Wanne Ke Fitar Da Mutum Daga Kwana?

A gudun kilomita 60 cikin awa, babur yana cinye kusan mita 17 na hanya a daƙiƙa ɗaya. Idan mutum ya tunkari kwana, sai da ya zo bakinta ya gane ta fi yadda ya zata tsanani, abin da ya rage masa bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. A wannan ɗan lokacin gaba zai faɗi, hannu ya ƙage, ido ya kafe a kan kwalbati ko motar da ke tahowa. Abu biyu ne a gabansa. Ko ya miƙar da babur ya nemi tsayawa da birki, ko ya ƙara kwantar da shi ya sha kwanar a haka. A majalisar masu babur da gindin bishiyar bakanike an sha yin musu a kan wannan. Wani ya ce birki aka yi don irin wannan rana. Wani ya ce duk wanda ya taɓa birki a kwana ya sayi faɗuwa da kuɗinsa. Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, kuma sanin wurin shi ne duk maganar.

Kafin a auna su, sai an san abin da kwana take nema daga babur. Babur ba ya juyawa sai ya kwanta, kuma yawan kwanciyar da ake bukata ya dogara ne da abu biyu kacal: gudu da tsananin kwanar. A ɗauki kwana wadda daga tsakiyar da'irarta zuwa inda taya ke bi mita 50 ne, irin wadda ake samu a hanyoyin karkara da yawa. A gudun kilomita 50 tana bukatar kwanciyar digiri 21 da ɗoriya. A 60, kusan digiri 30. A 70, kusan 38. A 80 kuwa, digiri 45 cif, wato kusan iyakar abin da taya mai kyau ƙwarai a kan busasshiyar kwalta take iya ɗauka a hanyar da kowa ke bi. Lissafin ba ya hawa a hankali kamar yadda allurar gudu take hawa. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke jan babur zuwa wajen kwana ninkawa huɗu yake yi. Kuma duk wannan ƙarfi yana sauka ne a kan ɗan wurin da taya biyu suka taɓa ƙasa, wanda kowannensu bai kai tafin hannu ba.

Wannan lissafin shi ne babbar hujjar masu birki, ko da ba su taɓa yin sa a takarda ba. Tunda ƙarin gudu kaɗan yana ƙara nauyi da yawa, rage gudu kaɗan ma yana sauke nauyi da yawa. Wanda ya sauko daga 70 zuwa 60 a waccan kwanar ya rage wa tayarsa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na aikin da ke kanta. Sannan ko da abin ya ƙi, buguwa a gudun 30 ba ɗaya take da buguwa a gudun 70 ba. Babur yana tsaye sosai, birki yana da dukkan riƙon taya a hannunsa, babu abin da yake rabawa da shi. Shi ya sa gidauniyar koyar da tuƙin babur ta Amurka, wadda aka kafa a 1973, take koya wa sababbin mahaya cewa idan dole ne su tsaya da gaggawa a cikin kwana, su fara miƙar da babur tukuna sannan su matsa birki. Wannan ba dabarar matsorata ba ce.

Amma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin yana da tsada: tana bukatar fili a gaba. Babur ɗin da aka miƙar ya daina bin kwana, ya ɗauki layi miƙe, hanya kuwa ta karkata ta bar shi. A Najeriya tun 1972 hannun dama ake bi, haka ma a Nijar. Ke nan idan kwanar ta dama ce, wanda ya miƙe zai tsallaka tsakiyar titi ya shiga hannun masu tahowa. Idan ta hagu ce, zai sauka gefen hanya, inda yashi yake, da bakin kwalta da ya zaizaye, da lambatu ko rami. Wani lokaci gefen nan gona ce shimfiɗaɗɗiya, mutum ya shiga cikinta a hankali ya fito da ƙura kawai. Wani lokaci kuma, kamar a gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, ko hanyar da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, gefen hanya ba wurin da ake sauka ba ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin birkin da aka koya da birkin firgita, kuma na biyun ne ake gani a titi. Wanda ya tsorata ba ya miƙar da babur sannan ya matsa birki a jere. Damƙa yake yi, babur yana kwance. Idan birkin hannu ya damƙa da ƙarfi lokaci guda, nauyi bai samu damar saukowa kan tayar gaba ba, sai ta kulle ta zame, kuma tayar gaba idan ta zame a kwance ba ta ba da lokacin gyara. Idan bai kai ga kulle ta ba, birkin gaba yana da wata ɗabi'a: yana tayar da babur daga kwanciya da kansa, ya tura shi waje, daidai inda mutum yake gudu. Idan kuma birkin ƙafa ya danne, wanda shi ne al'adar yawancin mahayanmu saboda tun suna koyo aka tsorata su da birkin gaba, tayar baya za ta kulle, bayan babur ya fara wutsiya. Mafi muni shi ne ya ji ta zame ya saki ƙafa farat ɗaya: taya ta sake kama kwalta alhali babur ya karkace, sai ya miƙe da ƙarfi ya cilla mai shi sama ta ɗaya ɓangaren. Irin wannan faɗuwa tana cikin waɗanda suka fi karya ƙashin wuya da kafaɗa.

Ba zato ba ne wannan. A 1981 aka fitar da rahoton binciken da Farfesa Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, inda suka bi diddigin haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles, suna zuwa wurin da abin ya faru suna auna sawun taya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haɗarin babur ne shi kaɗai, babu wata mota da ta buge shi. A kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan, kuskuren mahayin ne sanadi, kuma kuskuren da ya fi yawa iri biyu ne: zamewa saboda birki ya yi yawa, ko fita daga kwana saboda gudu ko rashin kwantar da babur yadda ya kamata. Sun kuma gano cewa mafi yawan mahaya suna danne birkin baya har ya kulle, suna kuma rage wa na gaba aiki. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne kashi 92 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa, ko dai su suka koya wa kansu tuƙi ko ɗan'uwa ko aboki ne ya koya musu. Wa ya koya wa yawancinmu babur in ba yayanmu ko abokinmu ba, a filin ƙwallo, cikin yamma guda?

To ɗaya hanyar fa? Masu ita suna cewa: mafi yawan lokutan da mutum ya ji kwana ta fi ƙarfinsa, ba babur ɗin ne ya kai iyaka ba, zuciyar mai shi ce ta kai. Wanda yake so ya tabbatar, ya tsuguna a gaban duk babur ɗin da ke fake a bakin kasuwa ya dubi tayar baya. Tsakiyarta ta cinye ta yi sumul, wani lokaci har ta yi faɗi kamar an goge ta. Gefenta kuwa zanen yana nan daram, a wasu ma ƙananan gashin robar da suka fito da su daga kamfani ba su karye ba. Wannan taya tana shaida cewa mai ita bai taɓa kwantar da ita sosai ba. Masu tseren MotoGP suna wuce digiri 60, amma su da tayarsu da filinsu daban ne, ba abin koyi ba ne a hanyar Funtuwa. Abin da ya shafe mu shi ne tsakanin inda mahayi na yau da kullum yake tsayawa da inda tayarsa za ta saki akwai rata, kuma a kan kwalta mai tsabta ratar nan ta isa ta fitar da shi daga kwanar da ya ɗauka ta gagare shi.

Matsalar ita ce mutane da yawa ba su san yadda ake ƙara kwantar da babur da gangan ba, duk da kullum suna yi ba tare da sun sani ba. Suna zaton da jiki ake yi, sai su karkatar da kafaɗa, babur kuwa da nauyinsa da gudunsa ya ƙi saurare. Da kan babur ake yi. In kana son ya kwanta dama, hannun dama za ka tura gaba. Kan babur zai ɗan leƙa hagu na ƙiftawar ido, tayar gaba ta fice daga ƙarƙashinka zuwa hagu, babur ya faɗo dama ya kama kwana. In hagu kake so, ka tura hannun hagu. Wanda ya ji wannan karon farko yakan ce ai baya da baya ne, amma tun yana yaro a kan keke haka hannunsa yake yi. Rahoton Hurt ya ce a cikin waɗanda suka yi haɗari, iya wannan dabara a lokacin gaggawa kusan babu shi sam. Abin da mutum bai san yana yi ba, ba zai iya kiran sa ranar da yake bukatarsa ba.

Sai ido, wanda a ganina ya fi hannu muhimmanci. Babur yana bin inda mai shi yake kallo. Ka ƙura wa dutse ido kana cewa kada in buge shi, shi za ka buga. Keith Code, wanda ya buɗe makarantar koyar da shan kwana a Kalifoniya a 1980, ya tara irin waɗannan halaye na firgita a littafinsa na 1993: sakin totur farat ɗaya, ƙanƙame kan babur, ƙuntatar gani, kafe ido a kan abu guda, kuskuren birki. Dukkansu jiki ne yake ƙoƙarin ceton kansa, kuma dukkansu a kan babur gudun gara ne a faɗa gidan zago. Maganin kafewar ido shi ne juya kai gaba ɗaya, haɓa ta nufi inda kwanar take ƙarewa, ba satar kallo da gefen ido ba. Da zarar kai ya juya, hannu yakan sassauta ya bi. Gwiwar hannu ta lanƙwasa, cinya ta riƙe tanki, a bar totur inda yake ko a sassauta shi a hankali, kada a kama kuloci a bar babur yana gangarawa babu riƙon inji.

Da a ce dukkan hanyoyinmu shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce mai tsabta, da nan maganar ta ƙare, na ce a kwantar kawai. Amma masu rubuta irin waɗannan littattafai babura manya suke hawa, da taya mai faɗi, da rigar fata da takalmi mai rufe idon sawu. Mu kuwa wanda ya fi yawa a titunanmu ƙaramin babur ne mai inji 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, tayarsa siririya, wani lokaci ta sha faci, iskarta kuma da yatsa aka gwada. A kansa akwai goyon mutum biyu ko buhun masara. Kaya ba sa canza yawan kwanciyar da kwana take nema, amma suna danne babur ya yi ƙasa, sai matakin ƙafa ko salansa ko ƙarfen jingine babur ya riga taya kaiwa iyaka. Matakin ƙafa idan mai naɗewa ne zai karci kwalta ya yi ƙara, gargaɗi ne kawai. Ƙarfen da ba ya naɗewa kuwa yana iya ɗaga taya daga ƙasa. Ga kuma wanda aka goya, da ya ji babur ya kwanta sai ya karkata ɗaya ɓangaren don tsoro, ko mace da ta zauna a gefe ɗaya, ba ta da yadda za ta bi kwanciyar.

Uwa uba, yashi. Iskar hunturu da ruwan damina duk a kwana suke tara shi, manyan motoci kuma su share shi zuwa gefe, daidai layin da wanda kwana ta ƙwace wa zai bi. Ga baƙin mai da gas da tirela ke zubarwa a shataletale, ga ruwan farko na damina da ke tayar da maiƙon da ya daɗe a kwalta. A irin wannan wuri ratar da na ambata ta tafi. Taya ba za ta ɗauki digiri 30 ba, balle 40. Wanda ya ƙara kwanciya a kan yashi zai tafi ƙasa nan take. Gaskiya ne faɗuwar da babur ya zame ta ciki, mutum ya bi bayansa a kwance, ta fi sauƙi a kan wadda ake cilla shi sama. Amma sauƙin nan na mai rigar kariya ne. Mai silifa da ’yar shara, babu hular kwano, kwalta za ta ci namansa, kuma zamewar ma waje take kai shi, ƙarƙashin abin da ke tahowa.

Akwai wani abu da duka ɓangarorin biyu suke kuskurewa, wato zaton cewa birki da kwanciya ba sa haɗuwa ko kaɗan. Suna haɗuwa, da awo. Riƙon taya ɗaya ne, su biyun suke rabawa, amma rabon ba na ɗebe wannan daga wancan ba ne. Idan kwana ta ci rabin riƙon, abin da ya rage wa birki ya kusa kashi 87 cikin 100 na ƙarfinsa. Sai kwana ta ci kashi 87 sannan rabon birki yake saukowa ƙasa da rabi. Ma'ana, a matsakaiciyar kwanciya akwai damar rage gudu, muddin an shiga birkin a hankali, kamar mai latsa mangwaro ya ji ko ya nuna, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana kuma riƙe turin hannun ciki don kada babur ya miƙe. Gwanaye suna shiga kwana da sauran birki a yatsunsu, suna sakin sa gwargwadon yadda babur yake kwanciya. A ƙasashen da suka ci gaba na'ura ta karɓi wani ɓangare na wannan aiki. Tarayyar Turai ta wajabta birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, a kan sababbin baburan da suka wuce inji 125 tun daga 2016, Indiya ta bi sahu a kan dukkan sababbi irinsu daga Afrilun 2019, kamfanin Bosch kuma tun 2013 ya fito da wanda yake la'akari da kwanciyar babur, aka fara sa shi a KTM 1190 Adventure. Baburanmu na yau da kullum ba su da ko ɗaya. Da yawansu birki mai diram ne gaba da baya, wanda idan ya yi zafi a doguwar gangara yake rage kamawa, musamman ga mai kashe inji ko sa furi don tsimin mai. Yatsun mahayi su ne na'urarsa.

Idan aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. Muddin akwai sauran miƙaƙƙiyar hanya a gabanka kafin kwana, ko mita goma ce, ta birki ce: babur a tsaye, birkin hannu da na ƙafa tare, na hannu ya fi ɗaukar aiki. Mutane da yawa suna ɓarnatar da mitocin nan suna mamaki. Da ka shiga kwanar, babur ya kwanta, ƙasa kuma kwalta ce mai tsabta, to kwanciya ta fi, kuma ta fi da nisa: juya kai, tura hannun ciki, ka ɗan sauko da ƙirjinka ta cikin kwanar don kada babur ya karci ƙasa. A kwanar dama da mota ke tahowa ma babu zaɓi na biyu, gara ka jarraba tayar da wataƙila za ta riƙe da ka miƙa kanka ga gaban motar da tabbas ba za ta kauce ba. Inda birki yake karɓe hujja shi ne wuri biyu: idan idonka ya ga yashi ko mai a layin da za ka bi, sai ka miƙe ka haye shi a tsaye, ka rage gudu a inda ƙasa ta yi kyau, ka sake kwantarwa, ko kuma idan kaya sun yi nauyi, waje kuma fili ne da babu rami babu bishiya. Abin da ba shi da wuri ko ɗaya shi ne na tsakiya na firgita, wanda kuma shi aka fi yi: rabin birki, rabin kwanciya, hannu a ƙage, ido a kan kwalbati.

Na fi ba kwanciya nauyi don wani dalili guda. Birki ba ya bukatar a tuna wa mutum da shi, tsoro zai kai hannu da ƙafa can da kansu. Tura kan babur da juya kai kuwa sun saɓa wa abin da jiki yake so a lokacin, don haka sai an sa su a jiki tun kafin ranar. Kuma kwanar da ta fi cin mutane ba lallai baƙuwa ba ce. Ta hanyar gida ce, wadda aka saba, aka raina, sai ranar da tifa ta zubar da tsakuwa a cikinta, ko aka fito da sauri don magariba ta kawo jiki.

Kirana ga iyaye da yayye da masu ba yara babur su yi sana'a, da shugabannin ƙungiyoyin masu babur: kada koyarwa ta tsaya a tayar da inji da canza giya. A samu safiya, a nemi kwalta mai faɗi da babu zirga-zirga, yaro ya sa hular kwano da takalmi, a gudun da bai wuce 30 ba ya tura hannun dama ya ji yadda babur yake amsawa, ya tura na hagu. Ya koyi tsayawa da birkin gaba babur yana miƙe har tsoronsa ya fita. Ya zagaya da'ira kansa a juye yana kallon mafita, ba tayarsa ba. Wanda zai goya, a faɗa masa ya bi jikin direba, kada ya yi gardama da kwana. Kai ma da ka shekara ashirin a kan babur, ka gwada turin nan da gangan gobe a hanyar da babu kowa, sannan ka biya wajen mai faci a auna maka iskar taya da ma'auni.